Yawon ƙafa a duwatsun ƙasar Birnin Kudu: yadda na ga aikin 'yan rakiya

A wani ƙauye da ke bayan garin Birnin Kudu akwai matasa da suka haɗa kai suna kai baƙi yawon ƙafa cikin gonaki da duwatsu, ana biyansu. Ba su da ofis, ba su da allo a bakin titi. Lambar waya ce ke yawo daga hannu zuwa hannu, sai kuma 'yan acaɓan tasha da suka san inda ake samunsu. Na bi su a ƙarshen kaka, ni da wani aminina da likita ya ɗora wa tafiyar ƙafa saboda ciwon suga, da ɗansa, da wasu ɗaliban jami'a da muka tarar a can. Kuɗina bai yi mini ciwo ba, kuma in Allah ya yarda zan koma. Amma ina da sharaɗi ga duk mai niyya: ya tabbata dattijon da ke tare da yaran nan yana cikin tafiyar. Tsohon maharbi ne da ya ajiye baka, shekarunsa sun haura sittin, kuma rabin abin da za ka biya kuɗi dominsa yana cikin kansa ne.

Na yi shekaru ina aikin malamin gona, na taka ƙauyuka da yawa a Kano da Jigawa tun kafin a raba su a 1991, don haka jeji ba baƙona ba ne. Abin da na je dubawa shi ne ko mutanen da ke karɓar kuɗi su kai ɗan birni cikin gonar talaka sun san nauyin abin da suka ɗauka.

Zuwa wurin ba wuya. Daga Kano ka bi ta Wudil zuwa Kwanar Huguma, ka bar hanyar Dutse ka miƙe Birnin Kudu, tafiyar sama da kilomita 100. Daga tasha acaɓa zai ƙarasa da kai. Mu mun kwana a ƙauyen, a wani shago da ke zauren gidan shugaban matasan, an shimfiɗa mana tabarmi da katifa, an ɗaura gidan sauro. Ɗakin a share yake tsaf, an ajiye buta da tulu. Wanda ya saba da fanka da wutar lantarki gara ya kwana a gari ya yi sammako.

Hanyoyinsu biyu ne. Gajeriyar tana zagaya gonakin bayan gari da fadama ta dawo, ba hawan dutse, naira 2,000 kowane mutum. Doguwar ita muka bi, naira 5,000, da karin kumallo da abincin rana a ciki. Tana ratsa gonaki, ta bi burtali, ta hau dutse, ta sauka ta nufi kogunan da ke da zanen mutanen da. Sun gaya mana suna cire wani kaso daga kuɗin su kai wa mai unguwa don gyaran famfon tuƙa-tuƙa, kuma na ga famfon yana aiki, yara na layi da jarkoki.

Kafin a taka ko'ina sai da aka kai mu gaisuwa wurin mai unguwa, tun da daddare. Ɗaliban sun ɗauka ɓata lokaci ne. Ni kuwa a nan na fara yarda da su. Dattijon ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano da Dutse, gobe za mu bi ta gabas mu hau dutse, mu dawo kafin la'asar." Mai unguwa ya tambayi adadinmu, ya tambayi ko akwai mara lafiya, ya ce a sanar da 'yan sintiri, ya sa mana albarka. Ma'anar wannan ita ce duk manomin da ya hango ayarin baƙi a bakin gonarsa washegari ya riga ya ji labari a masallaci. A wannan zamani da baƙuwar fuska a jeji ke tayar wa mutane hankali, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba abin da za ka iya yi wa kanka ba ne in ka zo kai kaɗai da taswira a waya.

An yi asuba, aka sha koko da ƙosai, aka kama hanya. Sun ce da an sallame za a tashi, amma sai da rana ta fara leƙowa, domin ɗaya daga cikin yaran ya tafi neman cajin waya. Zan dawo kan wannan.

Ya kamata mai zuwa ya san cewa babu wata hanya da aka share musamman don masu yawo. Turbar da manoma ke bi zuwa gona ce, da wadda mata ke bi zuwa itace, da burtalin shanu. Wani wuri faɗinta bai fi a jera ƙafa biyu ba, dawa ta rufe ka hagu da dama, raɓa na jiƙa maka wando. An riga an girbe gero, karan na kwance, wake na yaɗo a ƙasa. Can gaba muka faɗa gonar riɗi.

Wanda bai san riɗi ba ba zai gane abin da ya faru a nan ba. Riɗi ana yanke shi ne tun kwanson bai buɗe ba, a ɗaure, a jingina dammunan a tsaye su bushe. In sun bushe kwanson sai ya tsage ta sama, ƙwayar tana zaune a ciki ba abin da ya riƙe ta. Ranar kakkaɓa sai a shimfiɗa tamfol a kifa damin a kai. Kafin wannan rana, ko akuya ce ta goga jikinta, ƙwaya ta zube cikin yashi ke nan, ba mai tsince ta. Kuma riɗi a Jigawa shi ne kuɗin manomi, da shi ake aurar da 'ya, da shi ake biyan bashin taki. To, ɗaya daga cikin ɗaliban ya ga dammunan nan a jere sun yi kyau da hasken safiya, ya bar turba ya nufe su yana miƙa wa abokinsa waya. Dattijon bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, tsaya nan inda kake."

"Baba, hoto kawai zan yi, jingina zan yi kaɗan."

"Hoton naka mudu guda zai ci. Dawo ta inda ka bi, ka taka sawunka."

Yaron ya dawo. Dattijon ya karyo kwanso ɗaya daga wani reshe da ya faɗi a bakin turba, ya kifa shi a tafin hannun yaron, ƙwayoyi suka zubo fari tas. Bai ƙara ko kalma ba. Sannan ya ɗaga sanda ya yi wa mai gonar, da ke can nesa yana kallonmu, sannu da aiki, ya ce baƙi ne za mu wuce ta gefe. Aka amsa daga can, "A wuce lafiya, Baba." Matasan da ke rakiyar suna gaba suna hira, ba su ma ga abin da ya faru ba. Ba mugunta ba ce, idonsu ne bai kai nan ba tukuna.

Daga nan har muka fita gonaki hira ta koma kan itatuwa, kuma a nan na ji daɗin tafiyar fiye da ko'ina. Ƙasar tana da kuka da tsamiya da ɗorawa, da kanya jefi-jefi, da gawo a tsakiyar gonaki. Aminina ya tambayi dalilin da ya sa manomi zai bar ƙaton itace a tsakiyar gonarsa. Dattijon ya ce gawo ba ya gaba da gero. Da damina, lokacin da kowane itace ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi, don haka ba ya tare wa shuka rana. Da rani kuma, lokacin da kowa ya bushe, sai ya yi kore, shanu su kwanta a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar taki. Ya ce a duba gindin gawo a kowace gona, nan zangarniya ta fi kauri. Abin da muke koyarwa ke nan a aikin gona, har da ƙarin cewa saiwarsa na tara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun taki. Shi bai karanta a littafi ba, amma bai bar komai ba. Ya nuna mana kututturan ƙirya da masu gawayi suka sare, ya ce yana yaro ƙirya ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma gawayinta suke nema saboda ƙarfin wutarsa, yanzu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga tsayayya ba. Da ya faɗi haka sai da ya ɗan yi shiru. Ni ma abin yana ci mini rai, domin ƙirya ba ta girma da wuri, wanda ya sare ta ba zai ga madadinta ba a rayuwarsa.

Burtalin da muka shiga yana da faɗi a wasu wurare, a wasu kuma gonaki sun ci shi har ya zama lungu. Duk wanda ya san karkara ya san ƙarshen kaka lokaci ne mai tsauri, makiyaya na son sakin shanu su ci kara, manomi bai gama kwashe wake da dawa ba. Bai kamata baƙo ya faɗa tsakanin mutanen nan da kyamara a hannu ba tare da wanda ɓangarorin biyu suka sani ba. Da muka doshi ruga dattijon ya tsayar da mu a nesa, ya je shi kaɗai ya yi sallama, aka kama karnuka, sannan ya yafito mu. Ya riga ya gargaɗe mu kada wanda ya ɗauki hoton mace ko na garke sai ya tambaya, kada kuma wanda ya tsaya yana ƙirga shanun mutane da yatsa. Wata dattijuwa ta dama mana fura da kindirmo a ƙwarya. Wannan ba ya cikin kuɗin yawo, kowa ya biya nasa, kuma daidai ne a bar shi haka don kuɗin ya shiga hannunta kai tsaye. Na ce, "Inna, a rage sukari a ta abokina." Ta ce ai ba ta sa ba sam, ta ga alamar mai lalura tun daga yadda yake tafiya. Furar gero ce sabuwa, da citta da kanumfari, nonon kuma bai ga garin kuka ko ruwa ba.

Sai hawa. Duwatsun wannan yanki irin manyan curarrun nan ne masu santsi, wani a kan wani, da falale mai faɗi a tsakani. Ba su da tsawon da zai ba da tsoro, amma falalen na yaudara, musamman inda ɓawon dutsen ya ɗago saboda zafin rana da sanyin dare, ka taka ya zame da kai. Silifas ba su da amfani a nan, takalmi mai santsin ƙasa ma haka. Kambas mai kauri ake so, ko takalmin taya irin na dattijon. A wannan sashe matasan suka nuna amfaninsu, gaskiya. Sun san inda ake sa ƙafa, sun karɓi jakunkunan waɗanda suka gaji ba a roƙe su ba, ɗaya ya tsaya a bayan aminina tun daga gindi har sama yana cewa, "Sannu Alhaji, a hankali, ba sauri muke ba." Sau da yawa sun tsaya don ya huta, ba wanda ya nuna ƙosawa. Na yaba musu ƙwarai a kan wannan.

A jikin dutsen akwai ararrabi, mai ɓawon nan da ke saluɓewa siriri-siriri, da yawa an sassaƙe su ta gefe ɗaya don magani. Dattijon ya ce mai hankali gefe ɗaya yake ɗiba ya bar wa itacen hanyar ruwa, wanda ya zagaye shi ya kashe shi. Mun ga agwada suna shan hantsi a kan wani dutse, da suka ji motsi suka shige tsagi. Fakara ta tashi a gabanmu, kurege ya gilma. Wanda ke tsammanin manyan namun daji ya nufi Yankari, nan ba wurinsu ba ne.

Dokar dattijon a kan dutse guda uku ce, ya kuma maimaita ta har ta zauna: kada a zura hannu a tsagi, kada a ɗaga dutse, kada a zauna sai an buga wurin da sanda. Saboda kububuwa yake faɗa. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da ta wurin saran. A nan ne na sami babban giɓi a aikinsu. Na tambayi shugaban matasan abin da za su yi in maciji ya sari baƙo a saman dutse. Ya ce Baba yana da magani. Ina girmama sanin dattijon, na kuma faɗa a gabansa, amma saran kububuwa allurar kashe dafi yake so, a asibiti, cikin gaggawa. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, a hana ƙafar motsi a ɗauki mutum a tafi. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin garin Birnin Kudu, ba nisa. Abin da ya rage musu shi ne su ajiye ɗan acaɓa ɗaya da ya san ranar da suka fita da inda zai same su, su kuma riƙe ƙaramin akwati mai bandeji da auduga da maganin wanke ciwo da gishirin zawo. Ba su da ko ɗaya. Ɗan aminina ya goge gwiwa a falale, da ƙyallen rawani aka ɗaure. Mai karɓar naira 5,000 a hannun mutum ya kamata ya fi haka shiri.

Daga sama kana ganin ƙauyen gaba ɗaya, rumbuna da dangogin kara, da layin itatuwa masu duhu da ke nuna inda rafi ya bi, da fadama kore shar a tsakiyar ƙasar da ta fara fari. Hazo bai sauko sosai ba, ido na kaiwa nesa. Mun zauna an ci gyaɗa dafaffiya da rake.

Gangarowa ta ɗaya gefen ita ke kai mutum ga abin da ya sa sunan Birnin Kudu ya shiga littattafan tarihi. A cikin duwatsun da ke kewaye da garin akwai koguna masu zane, sanannu su ne Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, kuma yanzu suna cikin wuraren da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ke kula da su. 'Yan rakiyar ba su ke da wurin ba, sukan nemi izini ne su shiga da baƙi.

Sai ka sunkuya ka shiga ƙarƙashin dutsen, ka jira idonka ya saba da inuwa. Da farko ba ka ganin komai sai dabbare-dabbare. Can sai ƙaho ya fito, sai wuya, sai ƙafafu, ja-ja a jikin dutse, wani a kan wani. Shanu ne. Dattijon ya ce da ni, "Malam, kai da ka san dabba, duba bayansu." Na duba. Ba tozo. Duk shanun da muka wuce a burtali da safe, farare Bunaji da jajaye Rahaji, kowace da tozonta. Waɗannan na jikin dutse bayansu a miƙe yake, wasu da dogayen ƙahoni, wasu gajeru. Shanu marasa tozo yau sai ka je Kudu ka ga muturu, ko bakin Tafkin Chadi ka ga Kuri. Wato wanda ya yi zanen nan ya yi kiwo a wannan ƙasa a lokacin da irin shanun da ke cikinta daban ne da na yanzu. Na daɗe a durƙushe a wurin. Na yi aiki da makiyaya shekara da shekaru, ban taɓa jin tsufan sana'arsu a jikina ba sai a ƙarƙashin dutsen nan.

Kusa da kogon akwai duwatsun kiɗa. Falle ne na dutse da ya zauna a kan wasu ta 'yan wurare kaɗan, ƙarƙashinsa fayau, shi ya sa in an buga yake amsawa. Gefensa duk ƙananan kwarmi ne masu sulɓi, inda hannuwa suka yi ta bugu tun zamanin da. Dattijon ya ɗauki wani dunƙulen dutse ya buga wuri ɗaya, sai ƙara ta tashi kamar an daki ƙararrawar makaranta. Ya matsa kamu ɗaya ya buga, murya ta canza, ta yi kauri. Ya haɗa biyun ya fitar da wani kiɗa gajere. Ya ce ya ji daga manya cewa a da amare kan zo wurin nan da ƙawayensu kafin a kai su ɗaki. Ya bar kowa ya gwada, amma a cikin kwarmin da ke akwai, ba sabon wuri ba.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne a wani ƙaramin kogo da muka biya a hanyar dawowa, wanda ba a kewaye ba. Zanen wurin ya dushe. Ɗaya daga cikin matasan, don ya faranta wa ɗaliban, ya fasa ledar ruwa da haƙori ya fesa a jikin dutsen. Nan take jan ya fito raɗau, aka yi ta ɗaukar hoto. Na ce masa, "Ɗana, sau nawa kake yin haka?" Ya ce duk zuwa, ai baƙi na so. Ruwan nan yana jiƙa launin ya kwance shi, in ya bushe kuma ya bar gishiri a kai, kowace fesawa tana rage wani abu da ba mai iya mayarwa. Abin da ya tsira daga damina da rani tsawon zamani zai ƙare a hannun masu cin abinci da shi. A gefe kuma ga sunaye da lambobin waya da wasu baƙi suka rubuta da gawayi da fenti, wani har a kan ƙahon saniya. Dattijon yana baya tare da aminina lokacin, da ya iso ya ji, ya yi wa yaron faɗa sosai, yaron kuma ya ba da haƙuri. Na yarda bai sani ba ne. Amma wannan ne dalilin da ya sa nake cewa kada a bi su in ba dattijon, har sai sun koya. Haka kuma wani daga cikinsu ya gaya wa ɗaliban cewa zanen ya shekara miliyan, alhali shanu kansu ba su fi shekara 10,000 da 'yan kai a hannun ɗan Adam ba. Jagora ya faɗi abin da ya ji daga manya a matsayin abin da ya ji, ya fi masa daraja da ya ƙirƙiro lissafi. Da za su je su zauna da ma'aikatan hukumar tarihin ko da yini ɗaya ne, da an wuce wannan.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma suna taruwa. Jinkirin safe ya sa rana ta same mu a kan falale, dutse ya ɗau zafi, aminina ya sha wuya a sa'ar ƙarshe. Ruwan da suka ɗauko bai isa ba, leda bibbiyu ga mutum a tafiyar da ta kai azahar. Kowa ya zo da nasa, aƙalla lita 2, da ɗan abin zaƙi in yana da suga, da buta ƙarama don alwala. Ruwan da ke kwance a kwarmin dutse ba na sha ba ne ko ya yi garau. Ledojin da aka sha ma da an watsar da su in ban da mun tsince. Sannan kuɗin acaɓan da ya dawo da mu ƙauye daga bakin gari ba su ambace shi tun farko ba, sai da aka sauka aka ce kowa ya kawo. Ba yawansa ba ne, rashin faɗa ne. A faɗi komai tun a zaure.

Akwai kuma batun mata. A cikin ɗaliban akwai 'yan mata biyu, kuma na lura sun takura: babu mace a cikin 'yan rakiya, babu wani tanadi na kewayawa a hanya. Ina so in kawo uwargida da 'ya'yana mata su bi gajeriyar hanya, su ga fadama, amma sai an sami mace mai rakiya. Ƙauyen cike yake da matan da suka san kowace turba da kowane ganye, sun san inda ake samun tafasa da rama da yaɗiya fiye da samarin. Na ba shugabansu shawara ya je da maganar gaban mai unguwa, ya ce zai kai.

Abincin rana a gidan shugaban aka ci, tuwon dawa miyar kuka da man shanu da daddawa mai kyau, ga yaji a gefe. Bayan irin wannan tafiya ba a buƙatar fiye da haka. An kawo kunun tsamiya daga baya.

Game da lokaci, daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu ya fi. Ciyawa ta fara kwanciya ana ganin ƙasa, zafi ya sauka. In hunturu ya yi tsanani hazo zai rufe maka kallo daga sama, kuma mai asma ya yi hattara. Daga Maris zuwa Mayu kada a gwada doguwar hanya, zafi na haura digiri 40 kuma dutse na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Da damina ƙasar ta fi kyau a ido, amma falale na santsi, rafi na cika ba zato, gonaki kuma duk shuka ce, su kansu 'yan rakiyar suna gona. A sa dogon wando mai kauri saboda ƙarangiya, a ɗauki hula mai baki ko malafa. Yaro ɗan ƙasa da shekara goma da mai ciwon gwiwa su tsaya a gajeriyar hanya. Mai hawan jini ko suga ya sha maganinsa, ya karya, ya kuma gaya wa jagora tun kafin a tashi, kada ya ɓoye don kunya.

A kira su kwana biyu ko uku kafin zuwa, domin dattijon ba ya fita ranar Juma'a da ranar kasuwa. Sabis na waya yana ɗaukewa da an shiga tsakanin duwatsu, sai an hau sama yake dawowa, don haka a sanar da gida tun daga ƙauye. A zo da tsabar kuɗi, har da canji ƙanana na fura da acaɓa, domin mai POS ɗaya ne a ƙauyen kuma ba kullum yake da kuɗi a hannu ba. Wanda zai koma Kano a ranar ya yi ƙoƙari ya kasance a tasha kafin la'asar sakaliya, bayan nan mota na wuyar cika.